Haɗa sumo da tankin sama da wayar hannu: abin da aikin wani gida a Ƙofar Ƙaura, Katsina, ya koya mini

Buƙatar maigidan ba ta da yawa. Yana yawan tafiya Kano da Abuja, yana son ya riƙa ganin yawan ruwan tankinsa a waya, ya kunna sumo ko ya kashe daga duk inda yake. Gidan na da rijiyar burtsatse da sumo mai ƙarfin doki 1, sai tanki mai lita 2,000 a kan ƙarfe mai tsawon mita 6. Wuta kuwa ta layi ce idan an kawo, janareta idan an ɗauke.

Da farko na bi hanya mai sauƙi. Na sayi ƙaramin makunnin wifi mai amfiya 10, da na'urar auna ruwa da ke aiki da manhaja ɗaya da shi, na rubuta doka a manhajar cewa idan ruwa ya kai kashi 95 a kashe sumo. Lissafina shi ne doki 1 wat 746 ne, na kuma auna na ga sumon na jan amfiya 6 yana cikin aiki, to ai 10 ta fi 6. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne lokacin tashi. Motar lantarki irin ta cikin sumo tana fizgar ninki huɗu zuwa shida na abin da take ci a daidai lokacin da aka kunna ta, kuma duk kashewa sai tartsatsi ya tashi a bakin rile, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa wuta ya yanke ta a cikin makunnin. Cikin makonni kaɗan bakin ya narke ya manne. Waya na nuna an kashe, sumo na ta aiki.

Maganin wannan kontakta ce, wato babban makunni mai ɗaukar wuta mai yawa, wanda ke haɗewa idan an ba koyil ɗinsa (naɗin wayar da ke zama maganaɗisu) wuta. Na sa mai amfiya 25 wadda koyil ɗinta ke aiki da bolt 220. Wutar sumo ta bi ta manyan bakunan kontakta, makunnin wifi kuma aikinsa kawai ya ba koyil wuta, abin da bai kai ko kusa da amfiya 1 ba. Kada a taɓa akwatin kafasita na sumon, kontaktar a gabansa take zama.

Matsala ta biyu ita ce ta fi koya mini hankali. Wata rana da la'asar sabis ya ɗauke sumo na kunne, tanki ya cika ya yi ta ambaliya har ruwa ya fita ta rariya zuwa layi. Dalilin shi ne dokar nan ta kashi 95 ba a cikin gidan take zaune ba. Na'urar auna ruwa tana aika adadi ta intanet zuwa sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsu, a wata ƙasa, can ake duba dokar, can kuma umarnin kashewa ke fitowa ya dawo Katsina. Na'urori biyu da tazararsu ba ta kai mita 10 ba, amma maganarsu sai ta ƙetare teku. Da zarar hanya ta yanke ko'ina, babu mai cewa sumo ya tsaya. Wannan tsarin da ake kira gajimare yana da kyau wajen kallo da ba da umarni daga nesa, amma ni dai ba zan ƙara ɗora masa alhakin kashe inji ba.

Sai na sake jera wayar koyil ɗin ta yadda wuta za ta ratsa abubuwa uku a jere kafin ta isa gare shi. Na farko na'urar kariyar bolt: na saita ta yanke idan wuta ta yi ƙasa da 185 ko ta haura 250, ta kuma jira minti 3 bayan an dawo da wuta. Wuta mai rauni ta fi lalata sumo, domin motar na ƙara jan amfiya ta yi zafi. Na biyu fulot mai igiya, wato makunni mai yawo a kan ruwa a cikin tanki, wanda ke buɗewa da kansa idan ruwa ya ɗaga shi. Wayoyinsa uku ne, kuma kar ka yarda da launi. Ɗauko mita, ka ɗaga shi sama ka sauke, ka ga waɗanne biyu ne ke haɗuwa idan yana ƙasa. Haɗin wayar a wajen tanki ake yinsa, a kuma sa bireka mai kama yoyon wuta ta miliamfiya 30. Na uku shi ne makunnin wifi. Ko wanne ya buɗe a cikin ukun, sumo ya tsaya, da intanet ko babu.

A cikin makunnin akwai saiti biyu da mutane ke tsallakewa. Ɗaya shi ne halin da zai tashi a ciki idan wuta ta dawo. A sa shi a kashe, in ba haka ba duk juya canjoba zuwa janareta sai sumo ya tashi. Ɗayan shi ne kashe kai bayan wani lokaci. Na tara jarka mai lita 20 a bakin bututun da ke zuba cikin tanki, ta cika a daƙiƙa 30, wato lita 40 a minti, tanki zai cika a minti 50. Sai na sa minti 60. Ka tabbatar agogon a cikin na'urar yake gudana: kunna ta, zare layin rauta, ka zauna ka ga ko za ta kashe.

A watan Afrilu da Mayu ruwan rijiya kan ja baya, sumo ya riƙa juyawa a bushe, alhali ruwan ne ke sanyaya shi. Alamar ita ce amfiya ta sauka. A nan daga 6 ta koma wajen 4. Na ƙara rile mai lura da amfiya a jerin koyil, ya yanke idan ta yi ƙasa da 4.5 na daƙiƙa 10. Wannan adadi na wannan rijiya ne, kowa ya auna tasa.

Auna ruwa kuma na sake shi da allon ESP32, wata ƙaramar kwamfuta mai wifi, da na'urar JSN-SR04T, mai aika sauti ta jira dawowarsa. Ba ta ganin abin da ya fi kusa da ita da santimita 20 zuwa 25, don haka fulot ya tsayar da ruwa ƙasa da nan, in ba haka ba tanki cike zai riƙa ba da adadin banza. Ƙafarta ta amsawa bolt 5 take fitarwa, ESP32 kuwa 3.3 yake ɗauka, sai a rage da rizista biyu, kilo'om 1 da 2. Ga kuma zafin garin nan: gudun sauti mita 343 ne a daƙiƙa a digiri 20, amma a digiri 45, wanda iskar cikin baƙin tanki ke kaiwa da rana, ya kusa 359. Tanki zai nuna ruwa fiye da abin da ke ciki, a wurina kamar santimita 5 idan ya yi ƙasa, kusan lita 70. Na sa na'urar auna zafi ta DS18B20 a ƙarƙashin murfi don gyara lissafin. Da asuba tururi kan taru a fuskar na'urar, shi ya sa nake ɗaukar awo 7 in riƙe na tsakiya.

ESP32 da yawancin waɗannan makunnai zangon gigahaz 2.4 kaɗai suke kamawa. Idan rautar ta haɗa 2.4 da 5 a suna ɗaya, raba su kafin ka ɓata yini. Akwatin ƙarfe na toshe sigina, sai na sa na roba mai lamba IP65, wato mai tare feshin ruwa, wanda ke kuma tare ƙurar hunturu, na yi masa inuwa, domin ƙaramar cajar da ke ciki ita ke fara mutuwa a rana. Rautar na ɗora ta a kan ƙaramin batir mai bolt 12. Allon na aika adadi duk minti ɗaya ta MQTT, wata hanyar aika saƙo tsakanin na'urori, kuma na saita saƙon wasiyya, wato sanarwar da saba ke fitarwa idan ta daina jin allon, don kada maigida ya ga kashi 80 na jiya ya ɗauka na yanzu ne.

Ranar miƙa aiki, da imel ɗin Alhaji aka buɗe asusun, shi ya zaɓi kalmar sirri, sannan ya ba uwargida izini a wayarta, tunda ita ke gida. Na sa makunnin hannu a gefen akwati wanda ke tsallake na wifi kaɗai, bai tsallake fulot da kariyar bolt ba. Daga nan muka kunna sumo ta waya, na zare layin daga rauta a gabansa, muka tsaya a gindin tanki. Bayan minti 12 muka ji kontakta ta ce ƙas, ruwa ya daina zuba.