"Ba mu san shi ba": maganar da ta ƙara wa ƙanina zama a gidan yarin Kuje

Ƙanina ya amsa laifinsa a kotun majistare a Abuja. Dambe suka yi da wani a tasha kan kuɗin lodi, ya ji masa rauni. Alƙali ya ɗage yanke hukunci, ya ce a kawo masa rahoto a kan yaron tukuna.

Lauyanmu ya ƙarfafa mana gwiwa. Dokar shari'ar laifuka ta 2015, wato ACJA, ta hana a ɗora wa mai laifin farko hukunci mafi tsanani, ta ce a lissafa zaman da ya yi a tsare, kuma sashe na 460 ya ba da damar aikin al'umma a maimakon ɗauri idan ba makami, ba laifin lalata ba ne, hukuncin kuma bai wuce shekara 3 ba. Yaron ya cika duk wannan. Kuɗin asibiti mun biya, wanda aka ji wa raunin ya yafe.

Sai jami'in hukumar gyaran hali ya zo gidanmu a Gwagwa don haɗa rahoton, ina wurin aiki. Kawu ya tarar a ƙofar gida. Da Kawu ya ga kaki da takarda, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ba mu san shi ba." Maƙwabta suka bi bayansa. Yaron da ya tashi a gidan nan!

Abin da aka karanta a kotu ke nan: ba tabbataccen mazauni, ba mai tsaya masa. To wane alƙali zai saki mutum ya yi aikin al'umma alhali ba a san inda yake kwana ba? Mai unguwa da limaminmu sun zo ranar hukunci, lauya ya roƙi sassauci, amma rubutu ya riga ya shiga fayil. An ɗebe masa zaman da ya yi, ya koma Kuje ya ƙarasa sauran watanni.

Na ce, "Kawu, don Allah me ya sa?" Ya ce, "Yaro, hukuma ce fa." Har yau abin yana cina.

Idan aka ɗage hukuncin ɗan'uwanka don rahoto, daga kotu ka wuce gida ka tara kowa, har masu shagon layi. Ka gaya musu mai zuwan ba kama kowa zai yi ba, su faɗi gaskiya. Ka ajiye rasit na asibiti da takardar maigidansa a kusa, ka kuma bar lambar wayarka wajen lauya, don a kira ka ranar da jami'in zai zo.