Mai tallan jatan lande a dakin zane na Landan

Daga tashar jirgin ƙasa ta Charing Cross na taka ƙafa zuwa dandalin Trafalgar, inda ɗakin adana zane-zane na National Gallery yake. Shiga kyauta ne, sai dai a duba jakarka a ƙofa. Zane ɗaya ya kai ni: The Shrimp Girl, wato mai tallan jatan lande, na mai zanen Ingila William Hogarth, wanda ya yi tsakanin 1740 da 1745. Ƙarami ne, tsawonsa santimita 63.5, faɗinsa 52.5, fentin mai a kan ƙyalle.

Na fara tsayawa nesa, kamar taku huɗu. Daga nan ake ganin budurwar sarai: baki buɗe da murmushi, kumatu ja, faffaɗar hula baƙa, kwando mai faɗi a ka, cikinsa kayan teku da ɗan kofin awo na ƙarfe. Kofin nan shi ne shaidar sana'arta, yadda mudu ke nuna mai sayar da hatsi. A wancan zamanin mata irinta kan sari kaya a kasuwar kifi ta Billingsgate, a bakin kogin Thames, su bi tituna suna talla.

Da na matso kusa sai hoton ya watse. Mayafinta shafe-shafen burushi ne kawai, launin ƙasa da toka, wani wurin ma fentin shimfiɗa na ƙasa yana leƙowa. A fuska aka zuba aiki, musamman ɗigon haske a ido da jan leɓe. Nan masu kallo da yawa ke ɓata: su liƙe hanci a jikin zanen su ce Hogarth bai gama shi ba, ko su ɗauka a waya su wuce, alhali gilashin waya na shafe sawun burushin da ke ba fuskar motsi.

Ana yawan karanta murmushin a matsayin jin daɗin talaka. Ban yarda ba. Bakin mai kiran ciniki ne, idonta kuma na kan wani a gefe, mai saye wataƙila.

Hogarth bai sayar da shi ba. Yana hannun matarsa Jane har ta rasu a 1789, aka yi gwanjonsa a 1790, ɗakin kuma ya saye shi a 1884.