Minshari, maƙogwaro da busar didjeridu

Shekaru da dama ina ɗaukar minsharin da nake yi a matsayin abin barkwanci a gida, har ranar da uwargidana ta gaya mini cewa shirun da ke biyo bayan ƙarar shi ya fi tayar mata da hankali, domin numfashina yakan tsaya na ɗan lokaci kafin in zabura in ja iska da ƙarfi. Likita ya bayyana mini cewa idan mutum ya yi barci, tsokokin harshe da na ganɗa da na maƙogwaro sukan saki, a wurin wasu kuma sukan saki har su toshe hanyar iska. Wannan yana iya faruwa sau da yawa a cikin awa guda ba tare da mai barcin ya sani ba, sai dai ya wayi gari da ciwon kai, ya wuni yana gyangyaɗi, kuma ciwon yana da alaƙa da hawan jini.

Maganin da aka fi sani shi ne na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a birnin Sidni na Ostireliya a 1980, mai tura iska ta abin rufe hanci duk tsawon dare. Tana aiki, amma kwana da ita yana da wuya, ga tsada, ga matsalar wutar lantarki.

Abin da ya ja hankalina shi ne wani bincike da Milo Puhan da abokan aikinsa suka yi a Zurik ta ƙasar Suwizalan, wanda mujallar likitanci ta BMJ ta buga a 2006. Sun ɗauki mutum 25 masu matsakaicin ciwon, suka koya wa kusan rabinsu busa didjeridu, doguwar abar busa ta 'yan asalin arewacin Ostireliya, wadda ake yi da itacen turare da gara ta rarake cikinsa. Bayan wata huɗu suna busa ta kimanin minti 25 a rana, kusan kwana shida a mako, gyangyaɗinsu na rana ya ragu, yankewar numfashinsu ta ragu, abokan kwanansu ma suka samu sauƙi. Mutum 25 kaɗan ne ƙwarai, kuma ragin ciwo aka samu, ba warkewa ba, amma dalilin da aka bayar ya kwanta mini.

Sirrin yana cikin yadda ake busar. Mai busa didjeridu yakan tara iska a kumatunsa, ya riƙa matso ta waje da harshe da kumatu yayin da yake shaƙar sabuwa ta hanci, don haka sautin ba ya yankewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita a hawan sallah ya ga irin wannan, kumatu a kumbure, busa tana tafiya kamar mutumin ba ya numfashi. Wannan aiki yana motsa ainihin tsokokin da ke saki da dare.

Ni dai na fara da abin da masu koyarwa suke fara ɗalibi da shi, wato tsinken shan lemo a cikin kofin ruwa, ina hura kumfa ina ƙoƙarin shaƙar iska ba tare da kumfar ta tsaya ba. Mako uku ke nan, ina iya yi sau biyu a jere kafin in ƙware, kuma a farkon watan gobe zan koma wurin likita domin gwajin barci.