Fuskar ta fito, saura rigar

'Yan uwa, yau dai fuskar jami'in nan na daular Qing ta ƙasar Sin, wanda nake zana hotonsa a kan siliki, ta zauna, kuma wallahi daɗi nake ji.

Ƙa'idar wannan zane kun san ta: mutum na zaune a kan kujera, yana fuskantar ka sak, ba inuwa a fuska ko kaɗan. To nan ne gizo ke saƙa. In ka bar fuskar ba duhu, sai ta fito a baje, hanci da kumatu duk ɗaya. In ka ƙara duhu a gefen hanci, sai mutumin ya zama kamar bai wanke ido ba. Na jima ina fama da wannan, takaici har wuya, domin kowace shafa ta jar ƙasa sai ta tayar da wadda ke ƙarƙashinta, goshin ya yi dabbare-dabbare.

Abin da ya raba gardama abu biyu ne. Na juya silikin na shafa farin launi ta baya, daidai wurin fuskar, sai hasken ya riƙa ɓullowa ta cikin zaren, gaba kuma ya rage sarari. Sannan na bi hanyar da aka san Zeng Jing da ita, mai zanen ƙarshen daular Ming (wadda ta gabaci Qing) da ya rasu a 1647: a fara gina ƙashin fuska da tawada mai ruwa-ruwa, shafa bisa shafa, kafin launi ya hau. Buroshi biyu a hannu ɗaya, ɗaya da tawada, ɗaya da ruwa zalla yana bin sawu yana narkar da gefe. Bayan 'yan shafe-shafe sai ruwan alif da gam, tsararo sosai, a bar shi ya bushe ƙarau. In alif ya yi yawa siliki zai yi ƙarfi ya ƙi shan launi, ku kula. Da safen nan na ga ramin ido ya faɗa ciki da kansa, ba layi ɗaya mai duhu.

Ɗawisun ƙirji, alamar mai daraja ta 3 a jami'an farar hula, na riga na fitar da layinsa. Duwatsun wuya 108 suna jira.

Shuɗin dutse na rigar, wato launin da ake niƙawa daga dutse, shi ne ya cije ni. Kuɗin ɗan ƙullinsa ya fi na silikin gaba ɗaya, ga shi yana zubewa in gam ya yi kaɗan. Wanda ya gwada shimfiɗa baba a ƙasa kafin ya ɗora shi, don Allah ya faɗa mini yadda ya fito.