Zama a Munich da aikin rainon ƙwayoyin jijiya

Wanda ya samu gurbin digiri na uku ko aikin ɗakin gwaji a Martinsried, a gefen birnin Munich na Jamus, makonninsa na farko duk na takardu ne. Doka ta ba shi kwana 14 daga ranar da ya tare ya je ya yi rajistar adireshi, wato Anmeldung, kuma ba za a yi masa ba sai da takardar shaida daga mai gida. Bayan rajistar ne lambar haraji ke zuwa ta gidan waya. Gidan ma samunsa aiki ne, ga tsada, gara mutum ya karɓi ɗakin baƙi na cibiyar binciken da ta ɗauke shi in an ba shi, ya ci gaba da nema a tsanake. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na U6 yana ajiye mutum a Klinikum Großhadern, daga nan sai bas.

Ɓera kuwa ba za a bar shi ya taɓa ba sai ya yi kwas ɗin kula da dabbobin gwaji. Saboda haka galibinmu da ƙwayoyin PC12 muke farawa, waɗanda aka samo a 1976 daga wani ƙari da ya fito a saman ƙodar ɓera. A zuba musu NGF, wato furotin ɗin da ke sa ƙwayoyin jijiya girma, nanogiram 50 a kowace mililita, cikin 'yan kwanaki sai su daina rarrabuwa su fara miƙa zare kamar jijiya. Abin gwanin sha'awa, amma a nan sabon shiga ke ruɗuwa, ya ɗauka NGF taki ne da kowace jijiya ke ci. Sam ba haka ba ne.

Kowace ƙwayar jijiya tana amsa furotin ɗin da take da makarɓinsa, wato gurbin da ke kama shi, a jikinta ne kawai. NGF na kama makarɓin TrkA, masu shi kuwa su ne ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar saƙon ciwo da zafi, da jijiyoyin simfatetik masu kula da gumi da bugun zuciya, da wani rukuni a ƙasan gaban ƙwaƙwalwa mai hannu a tuna abubuwa. BDNF da NT-4, furotin 'yan'uwan NGF, na kama TrkB, wanda ake samu a ƙwayoyin ɓawon ƙwaƙwalwa da hifokamfus, sashen da ke da hannu a ajiye tunani, da ƙullin jijiyar cikin kunne mai hana mutum tangaɗi. NT-3, wani ɗan'uwan nasu, na TrkC ne, na manyan ƙwayoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda hannu da ƙafa suke ko da ido a rufe. A ƙullin jijiya ɗaya na gefen laka, iri-irin nan a cakuɗe suke. In ka fasa ƙullin ɗan tayi ka ba shi NGF kaɗai, masu TrkA za su rayu, manyan nan su mutu, kai kuma ka rubuta sakamako a kan "jijiyoyin ji" alhali rukuni ɗaya ka raina.

Shekaru ma na sauya lissafin. Jijiyoyin simfatetik na jaririn ɓera, in aka janye musu NGF, cikin kwana biyu yawancinsu sun mutu. Amma ƙwayoyin ji na babban ɓera suna rayuwa a faranti ba tare da shi ba. A wurinsu NGF ba batun rai ba ne, ƙara musu kaifin jin ciwo yake yi. Sannan kusan rabin masu ɗaukar saƙon ciwo suna barin TrkA bayan haihuwa su koma makarɓin Ret, wanda wani dangin furotin daban, na GDNF, ke kamawa. Akwai kuma makarɓin p75 da ke karɓar NGF da BDNF da NT-3 da NT-4 duka, kuma idan NGF ɗin da bai gama nuna ba, wato proNGF, ya kama shi tare da wani makarɓi mai suna sotilin, umarnin mutuwa yake bayarwa. Furotin ɗaya, sakamako biyu masu karo da juna.

Ilimin nan kansa da ci-rani aka same shi. Rita Levi-Montalcini ta bar Turin ta tafi St. Louis ta Amurka a 1947 da niyyar 'yan watanni wurin Viktor Hamburger, ta share shekara 30. Ita da Stanley Cohen suka karɓi kyautar Nobel a 1986 saboda gano furotin irin su NGF. BDNF kuma a nan Martinsried Yves-Alain Barde da Hans Thoenen suka tace shi a 1982, daga ƙwaƙwalwar alade. Na yanzu dai a cikin ƙwayoyin bakteriya ake haɗa yawancinsa, sai dai tiripsin, sinadarin da ake warware nama da shi, galibi na alade ne, kuma akwai madadinsa ga wanda ya tambaya.

Ɓarnar da ta fi yawa daga kwalba take farawa. Furotin ɗin garin 'yan maikirogiram ne, yana manne wa jikin roba, don haka a narka shi da ruwan gishirin PBS mai ɗauke da BSA, wani furotin na jinin shanu, kashi 0.1 cikin ɗari, a rarraba ƙanana-ƙanana, a sa a firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili. Wanda aka narka aka sake daskarewa sau da yawa ƙarfinsa na raguwa, kuma ido ba ya gane hakan. Farantin a shafe shi da folilaisin sannan laminin, shimfiɗar da ƙwayoyin ke mannewa a kai, kada a bar laminin ya bushe, in ya bushe ƙwayoyin sai su dunƙule su ƙi fitar da zare. Inkubeta tana kan digiri 37 da iskar kabon dayoksaid kashi 5 cikin ɗari. Ruwan rainon a sauya rabinsa duk kwana biyu ko uku. In ba a sa AraC, maganin da ke kashe ƙwayoyi masu rarrabuwa, da wuri ba, ƙwayoyin Schwann da faibirobilas, waɗanda ba na jijiya ba ne amma suke biyo naman, za su cika faranti, su ma suna fitar da NGF nasu, sai gwajin janye furotin ya nuna babu abin da ya mutu.

Asibiti ya tabbatar da wannan rarrabewa. Yaran da aka haifa da lalataccen TrkA ba sa jin ciwo ba sa gumi, amma suna jin taɓawa. Maganin tanezumab da ke toshe NGF ya rage ciwon gaɓoɓi, aka yi watsi da shi a 2021 saboda gaɓoɓin wasu sun riƙa lalacewa da sauri. Ɗigon ido na NGF kuma ya samu izinin Tarayyar Turai a 2017.

Jadawalin faranti shi ke tsara sauran rayuwa a nan. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke, sai na babbar tashar jirgi da filin jirgin sama, amma ƙwayoyin na bukatar ruwansu, don haka cefane na Asabar ne. Kada a sa fiɗar ɓera ranar Juma'a, aikin na cinye safiya har bayan azahar kuma ba a tsayawa a tsakiya. Mai niyyar zuwa gida Sallah ya lissafa baya: PC12 za a iya daskare su a ruwan naitorojin su jira, jijiyoyin da suka riga suka miƙa zare a faranti ba za a iya ba. Ko a kammala gwajin kafin tafiya, ko a rubuta wa abokin aiki ranakun sauya ruwa da adadin furotin na kowane faranti.