Shanun Aubrac masu kwalli a ido

Abin da ya fara kama idona a Aubrac, wani ƙauye a kan tudu a ƙasar Faransa, ba duwatsu ba ne, ba kuma tsohon cocin garin ba. Shanu ne. Jajaye-jajaye kamar ƙasar jigawa, ƙahoninsu a buɗe, idanunsu kuma zagaye da baƙi sai ka rantse wata ce ta zauna ta ranɓaɗa musu kwalli. Ni da na tashi a gefen Dakoro, inda bororo ke wucewa ta bayan gidanmu, sai na tsaya ina kallonsu kamar na ga 'yan uwa a baƙon wuri.

Abokin karatuna ne ya ja ni can a ƙarshen watan Mayu. Garinsu Saint-Chély-d'Aubrac, a yankin Aveyron na kudancin Faransa, mutanensa ba su fi ɗari biyar da 'yan kai ba. Daga nan aka hau da mu tudu zuwa ƙauyen Aubrac, sama da mita 1,300. Sanyi ya ci ƙafata duk da cewa su a wurinsu bazara ce.

Al'adarsu ita ce, wajen 25 ga Mayu ake kora garke zuwa tudu, su yi kiwo har 13 ga Oktoba sannan a sauko da su. Ranar hawan, ana ɗaura wa shanu furanni da ƙananan tutoci da ƙararrawa a wuya. Suna bin tsofaffin hanyoyi da suke kira "draille". Da aka kwatanta mini sai na ce, ai burtali ke nan! Mahaifin abokina, tsoho mai hannu kamar faskararren icce, ya sa na maimaita kalmar har sau uku yana dariya.

Na tambaye shi, "Baba, to wa ke kwana da su a can sama?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya nuna mini wata bukkar dutse a nesa, rufinta ya fara zubewa. Sunanta "buron". A da maza ne ke tarewa ciki tsawon wata huɗu da rabi, suna tatsa safe da yamma, suna yin cuku. Akwai shugabansu mai haɗa cukun, akwai mai kula da maruƙa, akwai yaron aike da kowa ke yi wa tsawa. Shi ma da yaron aiken ya fara. Yanzu waya ce ta kewaye makiyayar, mai shanu ya leƙo da mota ya koma gida. Wasu bukkokin sun rushe, wasu sun zama gidan cin abincin 'yan yawon buɗe ido. Samarin yankin kuwa tun tuni da yawansu suka gangara Faris suna buɗe shagunan shan gahawa.

Abin da ya ceci cukun shi ne ƙungiyar da matasan manoma suka kafa a garin Laguiole na wannan yankin a 1960, Jeune Montagne, suka haɗa madararsu wuri ɗaya. Ban ɓoye wa tsohon ba, bikin furannin ya fi yi mini kama da wasan baƙi. Aikin gaske yana wurin masu tashi da asuba su kai madara.

Da rana aka kawo mana "aligot": dankalin turawa da aka tuƙa da ɗanyen cuku har yana miƙewa kamar igiya in an ɗaga muciya. Tuwo ne, sai dai babu miya. Na ce a cire mini naman aladen da ake haɗa shi da shi, uwar gidan ta ƙaro mini tuwon ninki biyu.

Kafin mu sauko, tsohon ya kai ni gindin hasumiyar cocin. Tun wajen 1120 aka kafa masauki a nan saboda matafiya masu zuwa ziyarar ibada Santiago a ƙasar Sifen. In hazo ko dusar ƙanƙara ta rufe tudu, sai a yi ta kaɗa wata ƙararrawa don wanda ya ɓata ya bi sautinta. Ƙararrawar ɓatattu suke ce mata. Muna tsaye hazo ya taso daga yamma, cikin ɗan lokaci garken da ke gabanmu ya ɓace, sai ƙarar ƙararrawar wuyansu kawai muke ji.