Dattawan da suka hana tsofaffin kwamfutoci mutuwa: abin da na gano a Ingila

Alhamdu lillahi, na dawo Kano lafiya, kuma tun kafin gajiya ta sake ni nake so in rubuta wannan, don abin yana cina. Wurin aiki ne suka tura ni kwas a Landan kan tsaron bayanai. Kwas ɗin kansa ba shi da wani labari, daga aji sai masauki. Labarin yana cikin ƙarshen makon da ya rage mini kafin in taso.

Bari dai in fara da mutumin da ya karɓi fasfona a filin jirgi, don har yanzu raina bai gama hucewa ba. Na gaishe shi bai amsa ba. Ya ɗauki takardar gayyatata da yatsu biyu yana jujjuyawa, yana tambayata wai wa ya biya mini kuɗin jirgi, me ma'aikacin kwamfuta daga Kano zai yi da irin wannan karatu, yaushe zan bar musu ƙasa. Tambaya aikinsa ne, ban ƙi ba, amma akwai yadda ake tambayar mutum. Da ya gama sai ya turo mini fasfon a kan tebur, idonsa na kan wanda ke bayana. Na ce Allah ya kyauta, na wuce.

Cikin malaman da suka koyar da mu akwai wata dattijuwa da ke sa haruffan MBCS a bayan sunanta. Lokacin shan shayi na tambaye ta, ta ce alamar zama 'yar ƙungiya ce a BCS, wato Ƙungiyar Masana Kwamfuta ta Birtaniya. Da ta ga ina da sha'awa sai ta ja kujera. A 1957 aka kafa ƙungiyar, shekara 10 bayan Amurkawa sun kafa tasu, ACM, kuma shugabanta na farko shi ne Maurice Wilkes, wanda ya jagoranci ƙera EDSAC a Jami'ar Cambridge, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko, injin da ya fara aiki a watan Mayun 1949. A 1984 fadar Ingila ta ba su takardar amincewa, wadda ta sa ƙungiyar ta shiga sahun na injiniyoyi da akantoci. Amma inda idonta ya fi haske shi ne da ta zo kan Stephanie Shirley, mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar a 1989. Matar nan ta buɗe kamfanin rubuta manhaja a 1962, ta riƙa ɗaukar mata masu goyo suna aiki daga cikin gidajensu, kuma da ta ga ba a amsa mata wasiƙu sai ta koma sa hannu da sunan namiji, Steve. Nan take na tuna ɗalibaina mata da suka fi mazan ajinsu iya rubuta manhaja, aure ya zo, ilimin ya kwanta. Ashe tun kafin a ba mu labarin intanet wata ta riga ta nuna yadda ake yi.

Na gaya mata mu ma muna da tamu: an kafa COAN, ƙungiyar masana kwamfuta ta Najeriya, a 1978, ta rikiɗe ta zama NCS a 2002, ga kuma hukumar CPN mai rajistar ƙwararru da dokar soja ta 1993 ta kafa. Shekara 21 ce kawai tsakanin tasu da tamu, ba wata tazarar a zo a gani ba ce. Ta ce in dai tarihi nake so in taɓa da hannuna, kada in wahalar da kaina zuwa hedikwatarsu a Swindon, in tafi Bletchley.

Wani abokina ya haɗa ni da wani Alhaji, Bahaushen Zangon Kumasi, da ke tuƙa bas a Milton Keynes, dab da Bletchley ɗin. Da na ce masa zan kama otal sai ya ce, "Haba Malam, ina garin nan ka kwana a otal? So kake a yi da ni a Zango?" Shi ya koya mini in bari sai cunkoson masu sammakon aiki ya wuce kafin in yanki tikiti a tashar Euston, kuɗin ya faɗo sosai. Tafiyar ba ta kai awa guda ba. Da dare Hajiyarsa ta ajiye mana tuwo da miyar ayoyo da naman rago, muka ci muna hira har tsakar dare, yaransa na ta dariyar yadda nake furta wasu kalmomi, ni ma ina jin daɗin Hausarsu. Da safe na yi na yi in bar wa yaran wani abu, ya rantse ba za su karɓa ba. Allah ya saka masa da alheri, ya raya masa zuri'a.

Abin da ban sani ba sai da na isa: wurare biyu ne a haraba ɗaya, kowanne da tikitinsa. Akwai babban Bletchley Park, inda aka riƙa kwance saƙonnin sirrin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, can ne jama'a ke tururuwa. Sai kuma a gefe, wani miƙaƙƙen gini marar tsayi da ake kira Block H, wanda in ba a gaya maka ba sai ka ɗauka sito ne. Nan ne gidan tarihin kwamfuta na ƙasarsu, kuma nan na wuni.

Kafin ka ga Colossus, injin da ya taimaka wajen kwance saƙonnin sirrin nan, za ka ji ɗuminsa a fuska, sannan ƙarar zaren takarda mai huji-huji da ke gudu a kan gargare, injin yana karanta harafi 5,000 cikin daƙiƙa guda. Ya cika ɗaki, jere-jeren ƙwayayen gilashi masu kama da ƙwan lantarki kusan 2,400 suna ja-ja-ja. Tommy Flowers ne ya tsara na asalin, injiniyan gidan waya, ɗan magini, kuma injin ya fara aiki a farkon 1944. Bayan yaƙi aka farfasa yawancin injunan Colossus ɗin da aka ƙera, aka ƙona zanen, aka rantsar da kowa ya yi shiru har zuwa shekarun 1970. Wanda na gani sabon gini ne. Wani mutum mai suna Tony Sale da abokansa suka ɗora shi daga hotuna takwas da 'yan guntayen zane da wasu injiniyoyi suka ɓoye a gidajensu, suka shafe fiye da shekara goma suna fama. Nan ne ƙungiyar ta shigo: a 1989 BCS da gidan tarihin kimiyya na Landan suka haifar da reshe na musamman, CCS, wanda ba shi da aikin da ya wuce nemo tsofaffin injuna, a gyara su, a tashe su su yi aiki kamar da. Ba a ajiye su a bayan gilashi kawai ana kallo ba.

Amma wadda ta tafi da zuciyata ita ce wata kwamfuta mai suna WITCH. Ita ba kwafi ba ce, ta asali ce tun 1951, nauyinta tan biyu da rabi, an ƙera ta ne don cibiyar binciken nukiliya ta Harwell. A 1957 aka ba wata kwaleji a Wolverhampton, ta koyar da ɗalibai har 1973, daga nan aka baje ta a wani gidan tarihi a Birmingham har 1997, sannan ta yi ta zaman sito a wargaje, sai a 2012 aka sake kunna ta. Wani dattijo mai farin gashi, hannunsa duk tabon ƙunar dalma, shi ya tsaya da ni a gabanta. A cikin kowane ƙwan gilashi akwai ɗan ɗigon haske ruwan lemo da ke zagayawa gurbi goma, inda ya tsaya nan ne lambar da injin ya riƙe. Ya miƙo mini wani maɓalli ya ce in danna. Na danna, na ji ƙas-ƙas-ƙas, na ga lamba ta fita daga wannan layi ta shiga wancan. Na daɗe ina zana wa ɗalibai wannan abu a allo, in ce su ƙaddara a ransu, yau ga shi ina gani da idona. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Dattijon nan ba a biyansa ko sisi. Ya yi ritaya, yana tuƙo motarsa daga nesa, da gorar shayinsa da burodinsa a jaka. Ya zuba mini shayin a murfin gorar, da ya ga ina duba agogo ina waige-waige ya tambaye ni ko salla zan yi, ya nuna mini wani lungu mai tsabta. Ya ce damuwarsu ɗaya ce, waɗanda suka san injunan nan suna ta ƙarewa, shi ya sa suke rubuta komai, suke jawo matasa.

A nan ne raina ya sosu. A ofishin da na fara aiki akwai wani ɗaki cike da tsofaffin injuna da akwatunan kati masu huji da ake shigar wa injin bayanai da su. Wata rana aka ce ana bukatar ɗakin, aka kira 'yan gwangwan suka auna a sikeli suka loda a kura. Baban da ya san yadda ake sarrafa su ya rasu, ba wanda ya zauna da shi ya ɗauki muryarsa. Ɗalibai nawa ne ke shiga cibiyar kwamfuta ta Iya Abubakar a Zariya suka san ko wane ne masanin lissafin da aka sa wa wurin sunansa? Kuma ba hannu muka rasa ba. Yaran Farm Centre da na titin Beirut da ke ɗaga ƙwaƙwalwar waya su mayar, in aka ba su irin wannan aiki za su yi shi. Mai tara su ne babu, kuma wannan aikin ƙungiya ne, namu ne mu 'yan ƙungiya.

Maganar tsada kuwa, sai dai haƙuri. Kofin shayi guda a tasha ya haura fam uku, ka lissafa da canjin yau ka ji. Ruwan gora ma sai ka yi shawara da aljihunka. A jirgin ƙasa mutum zai zauna kusa da kai har ku sauka bai ce maka ci kanka ba, wannan ban saba da shi ba kuma ba na so in saba. Amma layi kam sun iya shi, babu mai tsallake wani, kuma in ka taka mutum shi ne zai riga ka ba da haƙuri. Wannan na yaba.

Manchester na je a bas don ya fi araha. Gidan tarihin kimiyyarsu kyauta ake shiga, a can na ga kwafin Baby, injin da ya fara gudanar da manhajar da aka adana a cikinsa ranar 21 ga Yunin 1948. Shi ma 'yan CCS ne suka gina kwafin a 1998. Ruwa ya yi ta zuba, ban daɗe ba. Cambridge kuwa lokaci bai bar ni ba.

A hanyar dawowa sai da na biya kuɗin ƙarin kaya saboda littattafai. Na riga na kira sakataren reshenmu na NCS na roƙi a ba ni 'yan mintuna a taro na gaba. Ranar Asabar kuma, in Allah ya kai mu, zan tafi Zariya wurin wani dattijo da aka ce ya yi aiki da katin huji tun yana saurayi, kuma ya amince in ɗauki hirarmu.